'Yar Robar da Na Gani a Jakarki

Yakasai, Birnin Kano
Laraba da hantsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Walida, bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa ki shiga shagon yayarki Zainab da ƙafar dama. Babanki yana zaure kan kekensa yana ta ɗinkin mutane, bai san ina rubutun nan ba. Da ya sani da ya ce in gaishe ki, don haka na gaishe ki a madadinsa.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Gobe ne za ki tafi, babu abin da ya faru a gidan nan da ba a idonki aka yi shi ba, sai abu guda. Ɗazu da kika fita yi wa Goggo Rakiya sallama, na buɗe jakarki don in cusa miki yaji da kuka da dambun naman da na yi miki. Sai hannuna ya taɓo wani abu a naɗe cikin ɗankwalinki ruwan goro, can ƙasa ƙarƙashin takalma. Kin san ni da bin diddigi. Na warware, sai ga 'yar roba fara, ba suna ba rubutu, an liƙe murfinta da salatif. Tun kafin in buɗe na san ko mene ne, da na buɗe kuma warin ya ƙarasa gaya mini. Man haɗi ne na ƙara hasken fata. Na duba samansa na ga ko yatsa ba ki sa ba tukuna, na ce alhamdu lillahi.

Ban ɗauke ba. Wallahi har na miƙe da ita zan nufi masai, sai na dawo na zauna. Shekararki ashirin da uku. In na zubar da wannan, masu sayar da ita sun fi ƙuda yawa a Kaduna. Shi ya sa na liƙe salatif ɗin yadda yake, na mayar da ita inda na same ta, na naɗa takardar nan a jikinta, don duk ranar da kika kai hannu ki fara cin karo da ni.

Na kuma san ranar da abin ya shiga ranki. Bikin nan ne na Ƙofar Kabuga wata biyu da suka wuce, da kika yi wa amarya kwalliya ni kuma na yi mata ƙunshi. Wata mata mai leshi da gwala-gwalai ta tsaya a kanki tana kallo, ta ce, "Hannun yarinyar nan da kyau. Sai dai mai gyara mutane ai kamata ya yi ta fara gyara kanta, ta ɗan yi haske." Kika yi dariya kika ce, "To Hajiya." Amma a cikin adaidaita, tun daga Kabuga har muka sauka Yakasai ba ki ce uffan ba, ke da sai na ce ki bar ni in ji da kunnena. Na gani, na ɗauka zai wuce.

Shekara talatin ke nan ina ƙunshi da kwalliyar amare a cikin birni. Ban ce na fi ki iyawa ba. Ku na yanzu kuna da buroshi goma sha, kowanne da aikinsa, kuna liƙa gashin ido kamar za a tashi sama, kuna koyon abu a waya yau gobe ku yi shi. Ranar da na ga kin zana wa amarya gira cikin minti biyu, daɗi ya cika ni har na rasa wanda zan gaya wa, sai na je zaure na gaya wa Babanki, shi kuma ya ce in miƙo masa almakashi. Hannu kam kin gada, har kin wuce. Abin da na fi ki shi ne kuskure, don babu wanda ban yi ba. Bari in zayyana miki su tun daga masu ban dariya, ki yi haƙuri da tsawon takardar, kin san bakina.

Kin san hoton bikinmu da ke rataye a falo, wanda kuke yi wa dariya tun kuna ƙanana, fuskata fari fat wuyana baƙi ƙirin. Ban taɓa ba ku labarinsa ba. A ɗakin Inna aka shirya ni, a gidanmu na Ƙofar Ruwa, ɗakin ƙasa mai taga guda 'yar mitsitsiya can sama. Da tsakar rana ma sai ka lalubo ƙofa. Ƙawata Ladidi ce ta ara mini fankekenta, ita kuwa fara ce sol, 'yar Fulani. Na shafa na duba madubi, ban ga komai ba. Na ƙara. Na sake dubawa, na ce har yanzu bai kama ba, na ƙara na uku. A cikin ɗakin nan wallahi ni kaina na burge kaina. Da aka fito da ni tsakar gida sai na ji guɗa ta ɗan tsaya. Kowa ya yi kara, don ba a gaya wa amarya gaskiya, sai Goggo Rakiya, wadda ranar ne na fara ganinta a matsayin yayar miji. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amaryar tamu daga injin niƙa aka biyo da ita?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin a samo tsumma mai hoto ya riga ya ɗauka.

Laifi biyu na yi ranar. Na shafa hodar da ba kalar jikina ba, na kuma yarda da madubin cikin ɗaki. Daga ranar duk amaryar da zan yi wa kwalliya sai na ja kujerarta zuwa tsakar gida, ko mutanen gidan suna cewa ba a fito da amarya. Sai in ce a kafa zane a kare ta, amma rana sai ta ga aikina kafin jama'a su gani. Ke ma ki riƙe wannan. Na ga hoton shagon Zainab, fitilu farare zagaye da madubi, su ma maƙaryata ne irin ɗakin Inna, sai dai su da haske suke tasu ƙaryar. In kin gama, ki kai mace bakin ƙofa ki dube ta. In za ki gwada hoda ko fandeshin, kada ki gwada a bayan hannu, ki ɗiga a gefen muƙamuƙi inda fuska ta haɗu da wuya. Wadda ta ɓace a wurin ita ce tata. Ki sauke ta har wuya da bayan kunne. In mace ta nace sai kin sa mata wadda ta fi ta haske, ki lallashe ta, ki ba ta labarin injin niƙa, na yafe miki.

Da na fara yi wa mutane kuma sai na ɗauka yawan kaya shi ne gwaninta. Akwai wata amarya a nan bayan layinmu, cikin bazara aka yi bikinta, zafin nan da ko ƙadangare ba ya fita. Na lafta mata mai, ban bari ya shiga jiki ba na bi da fankeke, na bi da hoda, na zizara gazal, na cika mata baki da jan baki har ya haura iyaka. Sama da awa guda ina abu ɗaya. Ina ajiye soso aka kira la'asar. Sai yarinyar nan ta ɗago ta ce, "Anti, ba ni da alwala fa." Na ce ta bari sai an jima ta haɗa. Kakarta tana gefe kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Ba a gidan nan ba. A ba ta buta." Haka ina ji ina gani aka wanke aikina a bakin rariya, ga motocin ɗaukar amarya sun fara hon a bakin lungu. Na sake wani a gurguje, na ƙara lafta mai don ya kama da wuri. Kafin a kai ta mota gumi ya tsaga hodar gida-gida, gazal ya gangaro mata har kumatu. Mutane suka ce kukan rabuwa da gida ne. Ni dai na san ba kuka ba ne.

Saboda haka kafin ki taɓa fuskar kowa, tambayarki ta farko ita ce, "Kina da alwala?" In babu, ta je ta yi, in lokacin salla ya kusa ta yi sallarta sannan ta zauna. Alwalar ma gyara ce, don hoda ta fi kwanciya a fuskar da aka wanke. Ki shafa mai kaɗan, ki jira ya sha, ki yi hira da ita kafin nan. Ki sa komai siriri, in bai isa ba kya ƙara, amma in ya yi yawa ragewa sai da wanki. In gumi ya karyo, ki koya mata ta riƙa dannawa da tishu a hankali, kada ta goge. Jan baki kuma ya tsaya inda Allah ya tsai da leɓe. Ke kanki in kin dawo aiki, komai gajiya ki wanke fuskarki kafin ki kwanta. Na yi shekara guda ina fama da ƙuraje ina cewa maiƙon gyaɗa ne, ashe lalacina ne.

Sai maganar kwalli. Ina da wani tandun kwalli da Inna ta ba ni, ina ji da shi kamar me. Wani biki na rangaɗa wa amarya, ƙawayenta bakwai suka yi layi kowacce tana cewa, "Anti ni ma," na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke guda. Na lura idon ta ukun ya yi ja, ta ce hayaƙin girki ne, na yarda don ina sauri. Afolo ne. Kwana biyu tsakani, ranar buɗar kai, amarya da ƙawaye da ni kaina duk muka tashi ido ya kumbura yana ruwa. Ango ma bai tsira ba. Sai da na yi wata uku ana kirana mai kwallin afolo a unguwar nan, yara har waƙa suka yi mini. Yanzu ina dariya, amma lokacin ko kasuwar Rimi ba na iya zuwa sai na ja mayafi. Abin ido da abin baki ba a tarayya da su, Walida. Ki wanke buroshinki da sosonki da sabulu ki shanya a rana, ko Zainab za ta ce kin cika tsirfa. Jan baki ki ɗebo a wani abu ki shafa, kada ki kai sandar bakin wannan ki kai bakin waccan. Duk abin da ya daɗe har warinsa ya sauya, ki jefar kada ki ji tausayinsa.

Girata kuwa kin sha tambayata me ya sa ta hagu ta fi ta dama gajarta. Yayi ne ya zo na siririyar gira, na sa reza na kwashe tawa tas, na ɗauki jagira baƙa na zana. Da yake hannuna ya fi sabawa da ɓangare guda, ta dama ta haye sama ta bar ta hagu a ƙasa. Na kai wa Babanki abinci zaure, ya dube ni ya ce, "Na'am?" Na ce ban yi magana ba. Ya ci loma biyu ya sake ɗagowa ya ce, "To me kike son tambaya ne?" Sai da na koma madubi na gane fuskata ce take tambayar. Malamarmu ta Islamiyya ta yi mini nata faɗan ranar Asabar, ita ta ɓangaren addini, na kuma ji. Gashin da ya tashi fitowa bai dawo daidai ba har yau. Ki bi gira yadda aka halicce ta, ki taje ta, ki cike inda ta yi gibi da jagira mai ruwan ƙasa, da hannu marar nauyi. Ki riƙa ja da baya kina kallon fuskar gaba ɗaya, kada ki manne hanci a kan gira guda.

Daga nan dariya ta ƙare, ki gyara zama.

Lokacin da baƙin lalle ya shigo, kowa so yake nasa ya fi na kowa baƙi, ya kuma kama nan take. Wata dillaliya mai yawo gida-gida ta kawo mini wani gari a ƙullin leda, ta ce in na zuba a dayis, wato baƙin lallen, kafin in ƙirga ɗari ya kama. Ban tambaye ta mene ne ba. Na zana wa wata yarinya 'yar shekara goma sha takwas hannu da ƙafa, ana jibi ɗaurin aurenta, fulawa mai kyau har gwiwar hannu. Washegari uwarta ta aiko a kira ni. Duk inda zanena ya bi ya tashi ya yi bororo yana ruwa. Yarinyar tana zaune ta miƙe hannuwa a kan filo, ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi ta ce, "Anti, zai warke kafin gobe?" A asibiti ta yi walimarta. Har yau in mun haɗu a gidan suna takan gaishe ni da fara'a, ni kuma idona yana kan fulawar da ta zame mata tabo. Duk sabon abu, ki ɗiga kaɗan a cikin hannu ko bayan kunne, ki bari ya kwana ya wuni. Abin da kuma ba ki san me ke cikinsa ba, wanda ba suna ba rubutu, kada ki ɗora a fatar 'yar mutane.

Kada kuma ki ɗora a taki. Ga mu mun iso kan robar.

Kin san baƙin tabon nan guda biyu da ke kumatuna, wanda ba na fita ko ƙofar gida sai na rufe. Tun kina ƙarama na gaya miki cikinki ne ya bar mini shi. Ƙarya na yi miki, Walida. Lafiya lau na haife ki, fuskata sumul. Sai bayan na yaye ki ne abin ya faru.

A gidan wani biki ne ni ma. Ina durƙushe ina yi wa amarya ƙunshi, wata ta ce wa ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba, "Mai lallen nan in ta sa a hannunta ko gani ba a yi." Aka yi dariya, ni ma na yi, irin wadda kika yi a Kabuga. Satin bai ƙare ba na aika aka kira mini dillaliyar nan. Ta kawo roba fara irin taki sak, har salatif ɗin.

Ba zan ɓoye miki ba, wata ukun farko na ji daɗi. Na yi jawur. Duk inda na shiga sai a ce, "Ke kuwa me kike ci?" Aiki ya ƙaru, ana nemana har wajen gari. Babanki ne kaɗai bai yaba ba. Bai yi faɗa ba, kin san shi. Wata safiya ina shafawa ya tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, ya ce, "Akwai wata baƙar yarinya da na yi shekara biyu ina sintiri Ƙofar Ruwa a kanta. In kin gan ta ki ce ina cigiya." Na murguɗa baki na ce ta yi tafiya. Ya ce, "Allah ya dawo da ita lafiya," ya koma zaure.

Kusan shekara biyu na yi ina shafawa, don in ka tsaya sati guda sai ka fi da duhu, sai ka koma. Sannu a hankali gaɓoɓin yatsuna suka yi baƙi suka ƙi bin sauran jikin, har ina jin kunyar miƙa hannu in karɓi abu. Jijiyoyi suka fito kore a hannuna. In na shiga rana fuskata ta dinga raɗaɗi kamar an watsa barkono. Wani wari ya kama jikina wanda humra da turaren wuta ba sa rufewa. Ranar da wuƙa ta ɗan yanke ni ina yanka kuɓewa, ciwon da ya kamata ya kame kwana uku sai da ya yi wata yana ruwa. A asibiti likitar ta kama hannuna ta juya, ba ta tambaye ni komai ba ta ce, "Wane mai kike shafawa?" Ta ce fatar ta sirance, in ban bari ba abin ba zai tsaya a fata kaɗai ba. Na bari. Na yi baƙin da ban taɓa yi ba, na yi wata huɗu ban je bikin kowa ba. Jikin ya dawo daga baya da man kaɗe da haƙuri, amma kumatun nan da rana ta fi duka suka ƙone, suka zauna haka. Goggo Rakiya ita ta riƙa raka ni asibiti. Duk kaifin bakinta, shekara ashirin ba ta taɓa goranta mini ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Kina 'yar shekara shida, ina zaune a tsakar gida ina rufe su da hoda, kika zo kika jingina da gwiwata kika ce, "Umma, mene ne wannan?" Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ce, "Cikinki ne ya bar mini." Kika ɗora ɗan hannunki a kumatuna kika ce, "Umma ki yi haƙuri." Na yi dariya na ce ki je ki yi wasa. Da kika fara koyon kwalliya kuma, fuskata ce allonki. Kullum in kin zaunar da ni sai ki ce, "Kawo in gyara ɓarnar da na yi." Da wasa kike faɗa, na sani, amma duk faɗa sai na ji kamar an soka mini allura, kuma ban taɓa buɗe baki na ce ba ke ba ce. Na bar yarinya ta ɗauki laifin uwarta shekara goma sha bakwai. Wannan ya fi hodar Ladidi da kwallin afolo da dayis ɗin dillaliya, duk a haɗe. Ba ke ba ce, Walida. Ni ce da hannuna, da irin robar da ke hannunki yanzu. Ki yafe mini.

Da na gaya miki gaskiya tun ranar, wataƙila da ba ki sayi wannan ba. Shi ya sa ban ga bakin yi miki faɗa ba.

Ki duba cikin ambulan ɗin da na haɗa da takardar nan, akwai hoto. Ba ki taɓa ganinsa ba, a ƙasan akwatina yake tun lokacin da na daina iya kallonsa. Ranar ƙaramar salla aka ɗauka ina da shekara goma sha tara, ba hoda ba jan baki, kwallin Inna ne kawai a idona. Wannan ce yarinyar da Babanki yake cigiya. Ranar da kika sa atamfarki shuɗiya za ki saukar Alƙur'ani, kika ratsa ta zaure, ya tsai da keke ya bi ki da kallo, da ya shigo ya ce mini, "Ashe ta dawo." Ban gaya miki ba don kada kanki ya kumbura.

Abin da nake roƙonki guda ne. Kafin ki ɓare salatif ɗin nan, ki bari gari ya waye. Ki wanke fuskarki, ki ɗauki madubi da hoton nan ki fita tsakar gidan Zainab inda rana take, ki dubi wannan ki dubi wannan. Sannan ki tuna da fuskar da kike yi wa hoda duk ranar Juma'a. Duka biyun tawa ce, tsakaninsu roba ɗaya ce. Bayan nan shawara taki ce, ba zan bugo waya in tambaye ki ba. In kin yanke zubarwa, kada ki bai wa wata don kada a yi asara, ki juye a masai ki wanke hannu. Mai leshin Kabuga kuwa tuni ta manta ta yi maganar, za ki kuma haɗu da irinta da yawa a Kaduna. Ki ce musu "To Hajiya," ki ci gaba da aikinki.

Ni dai alhamdu lillahi, ban da abin da zan ce wa Allah sai godiya. Sana'ar nan ta rufa mini asiri, na ga amaren da na yi wa ƙunshi sun kawo mini 'ya'yansu, ga ki kuma za ki ɗora daga inda na tsaya. Ki bi Zainab sau da ƙafa, yayarki ce kuma uwar ɗakinki. Ki riƙe salla a kan lokaci ko da mace na zaune rabin fuska a gyare. Abin da kika ji a bakin mata a shago ki bar shi a shago. Dambun naman ki ci da wuri, kada ki yi ta ajiya har ya yi fumfuna.

In Allah ya kai mu babbar salla kika zo hutu, za ki zaunar da ni a tsakar gida ki yi mini kwalliya kamar yadda kika saba. Ki sa mini kwalli, ki cike mini girar hagun nan. Amma kumatun ki bar su a buɗe. Na gaji da ɓoye su, kuma ba ɓarnarki ba ce da za ki gyara.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a hannunki. Allah ya kare miki lafiyarki da mutuncinki da fatar da ya ba ki, ya dawo mini da ke yadda kika tafi. Amin.

Wassalam.

Ummanki